Zaman Gefen Benci

Sallama gare ku 'yan uwana mata, da mazan da ke leƙowa a ɓoye suna karantawa, na san kuna nan. Yau kada ku gudu, maganar taku ce. Wadda kunya ta yi wa yawa ta yi haƙuri da ni. Ni ma ba a titi aka rene ni ba, amma na ga abin da kunya ke yi wa namiji, na yi jinyarsa da hannuna har ya ƙare.

Ga wadda yau ta fara shigowa: sunana Ummulkhairi, a gida Khairi ake ce mini. Mijina Saminu tela ne a Zurmi. Allah ya yi masa rasuwa, ya bar ni da 'yarmu Binta. Da na fita takaba na tattara na dawo gidanmu a Kaura, ɗakin Innata. Ina nan zaune sai ga Dalhatu.

Dalhatu ɗan Jangeru ne, hatsi yake saye a Kasuwar Daji da Shinkafi ya kawo shagonsa a Kaura. Bai taɓa aure ba, ƙannensa mata ya tsaya aurarwa har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Mutum ne mai barkwanci. Ba ya zuwa hannu sake, ko rake ne sai ya riƙo wa Binta, ita kuwa da ta ji babur ɗinsa sai ta bar abin da take yi. Ba zan ɓoye muku ba, na so shi. Na daɗe ban yi dariya har haƙorana sun fito ba sai a gabansa.

Ranar da abin ya fara Asabar ce bayan la'asar. Na yi wanka, na ɗaura atamfata mai ruwan ganye wadda Saminu ya ɗinka mini, na tsaya gaban madubi na ga ba zan iya fita zance da ita ba. Na cire, na sa doguwar riga baƙa, na ɗora hijabi ruwan toka. Inna na tankaɗe tana kallona. Na ɗura zoɓo mai sanyi a gora, na ɗauki kofi na nufi zaure. Ina goge benci na ji ƙarar babur, na leƙa ta kafar ƙyaure.

Kun san yadda namiji ke sauka daga babur. Ya taka ƙasa, ya wurga ƙafa ta baya, shi ke nan. Dalhatu bai yi haka ba. Ya karkata babur ɗin har ya kusa kwanciya, ya dafa, ya zame a hankali kamar mai sauke tulu cike da ruwa. Inda yake zama akwai tawul a ninke. Ya tsaya ya ja numfashi, ya gyara gaban rigarsa, sannan ya ɗora murmushi a fuska ya yi sallama.

Da ya shigo, a gefen benci ya zauna, rabin jikinsa a waje, ƙafar dama a miƙe.

"Maman Binta, yau ko gaisuwa babu? Laihi na yi?"

"Ina wuni."

"Lahiya lau. Wagga gaisuwa kamar ta wadda anka tasa daga barci."

"Ka gyara zama mana, bencin da faɗi."

"Nan ya ishe ni. Hanyar Shinkahi ta gama da ƙuguna, ramukan nan ba su da imani."

Hanya, in ji shi. Saminu cewa ya yi keken ɗinki ne.

Na zuba masa zoɓo rabi a kofi rabi a ƙasa. Yana ta ba ni labarin wani jaki da ya kwanta da buhun gero a tsakiyar kasuwa ya ƙi tashi, ni kuwa ban ji ko rabi ba. Idona na kan ƙafar nan. Na san wannan zaman. Na zauna da shi a ɗaki ɗaya.

Bari in koma baya ku gane.

Na Saminu ni na fara ji, ba shi ya faɗa ba. Matar mutum ai ta sani. Ɗan marainansa na dama ya fi ɗayan girma, ya yi tauri kamar ƙwallon goruba. Da na yi magana ya yi dariya ya ce, "Tunda ba ya ciwo, mi za a yi mashi?" Ya sha jiƙon sanyi, ya sha na basir, abu kullum ƙara nauyi yake. Ya daina sa wando mai kama jiki, ya ɗinka wa kansa masu faɗi. Ya koma zama a gefen kujera yana taka keke da ƙafa ɗaya. Da ƙyar ya je asibiti, suka tura shi Gusau, likita ya ce a cire na daman tun abin bai yi nisa ba.

Ya dawo gida da niyyar komawa. Sai Wakili ya shiga maganar, wani tsohon dillalin shanu da ke wuni a bakin shagonsa. Ya ce masa kowa ya sani, ƙwan dama na 'ya'ya maza ne, na hagu na mata, ko a shanu haka yake. Saminu kuwa Binta kaɗai gare shi, kuma shi kaɗai ne namiji wurin ubansa. Ya shigo ya ce mini, "Khairi, bari in samu namiji ko ɗaya, sannan su yanke abin da za su yanke." Na yi kuka, na kai ƙara wurin kawunsa, kawun ya ce ba a shiga tsakanin namiji da wandonsa. Ciki bai zo ba. Abin da ya zo ciwon baya ne, sai tari, sai rama. Da muka koma Gusau a kwance muka kai shi.

A can ne na cire kunya na tare likitan a bakin ɗaki, wani dattijo mai tabarau. Na ce, "Likita, don Allah da gaske na dama ne na maza?" Ya kira wata nas ta tsaya kusa da ni, ya yago kwalin magani ya zana mini. Ni aji huɗu na tsaya a boko, amma abin da ya faɗa ranar ko kalma ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba.

Ya ce 'ya'yan maraina biyu ne, Allah ya rataye su a waje ne don ba sa son zafin jiki, shi ya sa in ana sanyi suke tsukewa sama, in ana zafi su saki. A cikinsu ake yin irin haihuwa. Kowane ɗaya yana yin na maza da na mata a gauraye, babu na dama babu na hagu. Irin yakan taru a wani siririn zare da ke naɗe a bayan ƙwan har ya nuna, sannan ya hau ta wata jijiya zuwa mara, ya zagaya mafitsara, ya haɗu da ruwan da zai ɗauke shi ya fito. Ya ce kaurin murya da gemu da sha'awa ma daga nan suke, wani sinadari ne suke zubawa a jini. Kuma guda ɗaya mai lafiya ya isa ya riƙe duk wannan aikin, mutum ya haihu, maza da mata.

Na ce to me ya kai ciwon baya? Ya ja layi daga ƙasa zuwa sama. Ya ce tun yaro na cikin uwarsa, a cikin ciki kusa da ƙoda ake halittar su, sai gab da haihuwa suke saukowa. Hanyar da suka biyo tana nan. In ciwon daji ya kama ɗaya aka bar shi, wannan hanyar yake bi ya koma ciki, daga nan ya wuce huhu. Ya ce irin wannan ciwon yana cikin masu jin magani in an zo da wuri.

Dangin Saminu cewa suka yi tari ya kashe shi. Har yau haka Zurmi ta sani.

To kun ji abin da na gani a gefen benci.

Na kwana biyu ina juya abin, sannan na samu Gwaggo Kulu, ƙanwar Babana, wadda ita ta kawo maganar Dalhatu gidanmu don wurinsa take sayen wake. Na tarar da ita da Inna a inuwar darbejiya suna tsinkar zogale. Na durƙusa na ja tire kamar zan taya su.

"Gwaggo, ina ga Dalhatu ba shi da lafiya."

"Mi ad da shi? Mutum kamar ingarma?"

Na matsa na raɗa mata. Ta saki zogalen, ta ɗora hannu a ka, ta kwashe da dariya har da buga cinya. Can ta ga ba na dariya, ta haɗe fuska.

"Ke Khairi! Zance kika hita ko awon wando? Auren tela ya koya miki aiki!"

"Gwaggo, wallahi irin zaman..."

"Ruhe man baki. Bazawara da ido ga wandon namiji! In wagga magana ta hita waje, wa za shi yarda daga zama kinka gane? Cewa za a yi kin gani da idonki, in ba a ce da hannunki ba. Duk namijin da ya ɗingisa sai ki ce Saminu na?"

Inna ba ta ɗago ba. A hankali ta ce, "Ki ruha muna asiri, ɗiyata. Saurayi bai taɓa aure ba, ya tsallake 'yan mata ya zo gare ki da goyonki. Irin wanga ba ya zuwa sau biyu."

Na tashi da tiren a hannuna ban san na ɗauka ba.

Sai wata dabara ta faɗo mini. Limamin unguwarmu ba ya ɗaura aure sai an kawo masa sakamakon gwajin jini. Na ce alhamdu lillahi, ga mai faɗa a madadina. In an ɗebi jininsa ai komai zai fito, likita ya gaya masa, ni bakina alaikum. Har ni na riƙa matsa wa Gwaggo a je a yi, tana ta tsokanata wai amarya ta ƙosa. Muka je mu uku har da Gwaggo, aka soke ni da shi a hannu, Dalhatu na rufe ido kamar yaro yana cewa allura ta fi ɗan fashi. Sakamako ya fito, an ce dukanmu lafiya lau. Gwaggo ta rangaɗa guɗa tun daga zaure.

"To uwar bincike, kin ji? Na'ura ta duba jininshi tas. Ko kin hi na'ura gani?"

Wallahi na yarda. Na yi sujada, na ci tuwo na ƙoshi, na yi barci irin wanda na manta da shi. Na ce shaiɗan ne da baƙin ciki suke nuna mini Saminu a jikin kowa. Aka sa ranar kawo lefe. Inna ta sa aka yi wa ɗaki shafe, aka sayo sabuwar ledar tsakar ɗaki mai zanen fure.

Zazzaɓin Binta ne ya kai ni asibitin unguwa. Nas ɗin da ke aiki ranar Salma ce, tare muka yi Islamiyya. Da ta gama duba yarinya, na ja kujera na tambaye ta, don dai in ƙara samun natsuwa.

"Salma, gwajin auren nan, komai da komai yake nunawa ko?"

"Komai kamar mi?"

Na gaya mata, ban kama suna ba. Ta ajiye abin rubutunta.

"Khairi, wannan gwajin abin da aka tambaye shi kawai yake amsawa. Ƙanjamau, ciwon hanta, sikila. Kumburin gaba ba ya ciki. Wannan sai likita ya taɓa da hannunsa, a yi hoto."

"To in mutum na irin zaman nan, shi ne?"

"Ba lallai ba. Yana iya zama gwaiwa, ruwa ne kawai ya taru, ko hanji ya sauko. Da yawa ba abin tsoro ba ne. Amma daga zaman benci ba mai ganewa, ko ni ko ke. Sai ya je."

Na goya Binta na fito, rana na dukana ina jin sanyi.

Na gwada saƙon murya. In danna in ce "Salamu alaikum, Dalhatu, dama..." sai in goge. Na gwada rubutawa, yatsana ya ƙi rubuta sunan wurin. Shi kuwa saƙonninsa na ta shigowa. Hoton akwati ruwan hoda: "Wanga ko mai ruwan toka?" Hoton takalmin yara: "Na uwar ɗakina Binta." Na duba takalmin nan na fashe da kuka a bayan ɗaki. Na ce ko dai in yi shiru in sha biki in jira abin da Allah zai yi, ko in yi magana in rasa shi. Shirun na san inda yake kaiwa.

Da ya zo ranar Asabar ban kawo zoɓo ba. Ya zauna a gefensa na kullum, yana wasa da makullin babur.

"Yau kuma azumi anka sa ni?"

"Dalhatu, ka san abin da ya kashe Saminu?"

Ya daina kaɗa makullin. "Allah shi jiƙanshi. An ce tari."

"Ba tari ba ne."

Na kafa idona a ƙasa na ba shi labari tun daga farko. Na faɗi sunan wurin da bakina, a zauren ubana, da rana tsaka. Na faɗi taurin, na faɗi wando mai faɗi, na faɗi maganar Wakili. Ina magana ina ganin ƙafarsa ta dama tana janyewa a hankali har ta koma kusa da 'yar uwarta.

"Mi ya sa kike ba ni wanga labari?"

"Don zamanka irin nasa ne. Da saukarka daga babur. Da tawul ɗin."

Ya miƙe tsaye.

"Ummulkhairi." Bai taɓa kiran sunana haka ba. "Duk zuwan da nike yi ashe auna ni kike? Ina ba ki labari kina ƙirga man zama? In ba ki so na ki ce ba ki so na, ba sai kin tuɓe ni ba. An yi gwaji ko ba a yi ba?"

"Gwajin ba ya ganin wannan. Don Allah ka je a duba. Ko an cire ɗaya..."

"A cire? Taure kike so a maishe ni tun ban shiga ɗaki ba?"

Ya fita. Na bi shi da ido ta kafar ƙyaure. Ya wurga ƙafa ya haye babur da ƙarfi don in gani, na ga yadda fuskarsa ta murɗe, ya cije leɓe. Ya fizge tawul ɗin ya jefar a kwata, ya tafi.

Washegari aike ya zo daga Jangeru, wai a ɗaga kawo lefe sai an ji daga gare su. Gwaggo Kulu ta shigo ko sallama babu, mayafi a hannu.

"Kin yi, ko? Sai da kinka yi! Ke dai bakinki ba ya kwana da magana. To ki jiƙa zawarcin ki sha. Gobe in an ce ɗiyar Malam Na'ibi likitar maza ta, sai mu buɗe miki shago bakin tasha!"

Inna ta shige ɗaki ta saki labule. Da Baba ya dawo daga masallaci ya kira ni. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ba ya ɗaga murya, shi ya sa nake tsoronsa. Inna ta riga ta gaya masa, don ya ƙi kallona.

"Abin da kinka ce ma yaron nan, kin tabbata?"

"Ban tabbata ba, Baba."

"Kin kashe aurenki a kan abin da ba ki tabbata ba."

"Baba, gara ya auri wata yana raye."

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce in tashi in je.

Ban haƙura ba. Tunda na riga na zubar, na ce bari in ƙarasa. Na shiga bayan ɗaki na yi masa saƙon murya mai tsawo, na faɗa masa duk abin da likitan Gusau ya zana mini a kwali, da abin da Salma ta ce, cewa wataƙila ma ruwa ne kawai. Na ce ba don ya dawo gare ni nake faɗa ba. Na tura. Alama ta nuna ya saurara. Bai amsa ba. Sai in ga yana kan layi, in ga ya fara rubutu, in ga ya daina. Haka na yi ta zama da waya a cikin zani kamar laya. Binta kuwa duk babur ɗin da ya wuce sai ta ruga ƙofa ta dawo.

Wata safiya ina dama koko waya ta yi ƙara. Rubutu ne daga Dalhatu, ko gaisuwa babu.

"Na Saminu yana ciwo?"

Na goge hannu na rubuta, "A'a."

Sai ya rubuto: "Nawa ma ba ya yi."

Ludayin ya faɗa cikin kokon.

"Tun yaushe?"

"Tun kakar bara."

Kakar bara! Ga shi har an yi shuka, gero ya kai gwiwa. Na rubuta, "Ka tafi Gusau gobe."

"Gobe kasuwar Shinkafi, na yi alkawarin kaya. Bari a ga sati na sama."

"Saminu ɗinkin salla ya ce zai gama. Ka tafi gobe. In ka dawo ka ce ba ka son ganina, na yafe."

Ya karanta. Ya sauka daga layi.

Ranar kasuwar na wuni kamar mai naƙuda. Na wanke kayan da ba su yi datti ba. Na kira shi, a kashe. Na ce shi ke nan, yana can cikin buhuna yana ciniki a tsaye don ba ya iya zama. Bayan azahar ina shanya a igiyar bayan ɗaki waya ta yi ƙara a ƙuguna. Da na ɗauka, hayaniyar da na ji a bayansa ba ta kasuwa ba ce. Ana kiran sunaye, wani abu mai taya na wucewa. Na san wannan hayaniyar. Na zauna a kan turmi.

"Maman Binta."

"Na'am. Kana ina?"

"Inda kinka aike ni." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba. "Yau na tuɓe gaban ƙato, Allah shi isar man."

"Me suka ce?"

"Likitan ya kashe wuta ya haska man tocila a wurin. Ya ce in ruwa na, haske za shi ratsa ya yi ja. Bai ratsa ba. An yi hoto, an ɗebi jini." Ya ja numfashi. "Tsiro na, Khairi. Litinin za su cire. Na sa hannu."

Na toshe bakina da jiƙaƙƙen zanen da ke hannuna.

"Kina ji na?"

"Ina ji. Cikin fa? Sun duba cikin?"

"Gobe za su yi hoton ciki da ƙirji. Ya ce sai sun gani za su san ko ya hau. Bayana ya kwan biyu yana man ciwo. Na ce mashi ɗaukar buhu na. Rubutawa kawai ya yi."

Ban san lokacin da na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina ba.

"Saurara, Khairi. Wancan aiken da anka yi na ɗaga lefe, hushi na. Wanga da zan hwaɗi ba hushi ba na. Na ce ma mutanen gidanmu su dakata har a ga hoton. In ya hau, ki nemi wani. Ba ni son ki yi takaba biyu."

"Wa ya ce maka ni kake yi wa gata?"

"Khairi..."

"Ka kira su ka ce su kawo Juma'a. Kafin Litinin nake so ya shigo gidan nan, ko me hoton ya nuna. Kuma mai ruwan tokan nake so, ba ruwan hoda ba."

Na ji yana share hanci. Aka kira sunansa daga nesa, ya ce ana nemansa, ya kashe.

Da na ɗago, Gwaggo Kulu na tsaye a bakin lungu da ƙwarya a hannu. Wayata tsohuwa ce, in ana magana har maƙwabta na ji. Fuskarta ta nuna mini babu abin da ya wuce ta. Ta ajiye ƙwaryar a hankali.

"Ashe da gaske kike."

"Da gaske nake, Gwaggo."

"Inna lillahi." Ta goge ido da bakin zane. Sai kuma ta miƙe, muryarta ta dawo. "To ji nan. Ni na kawo shi, ni za ni maishe shi. Kin ɗauki gawa ɗaya daga Gusau, ba ki ƙara ɗaukar wata ina raye. Akwatin nan ba a sauke shi gidan ga. Yanzun nan za ni gaya ma ubanki."

Ta juya tana ƙwala wa Inna kira.

Na bar shanyar a ƙasa, na ɗauki tsintsiya na shiga ɗaki, na janye gadon Binta gefe, na fara share inda za a jera akwatunan.